Thaddeus Stevens gona ya nema wa bayi

Maganar da wani ya yi jiya a majalisarmu har yanzu tana ci mini rai. Wai Thaddeus Stevens gurgu ne mai baƙar zuciya, ramuwar gayya kawai ya zo yi wa mutanen kudancin Amurka bayan yaƙin basasa. Haba malam, ka ji tsoron Allah!

Abin da lauyan nan na Pennsylvania, ɗan majalisar wakilan Amurka, ya nace a kai shi ne gona. An 'yanta bayi kusan miliyan 4 a 1865, to su ci me? Mutum ya tsufa yana tsinkar auduga ba a taɓa ba shi ko sisi ba, sannan a sallame shi da rigar jikinsa, ba fili, ba garma, ba alfadari. Stevens ya ce a karɓe filayen manyan masu gandun da suka tayar da yaƙin, a yanka wa kowane magidanci eka 40. Ina ramuwa a nan? Ladan guminsu ne.

Majalisar dokokin Amurka ta ƙi, Shugaba Andrew Johnson kuma ya mayar wa tsofaffin iyayengiji filayen da aka fara rabawa. Sai ga 'yantattun sun koma gandun jiya suna noman kashi-mu-raba, mai gandu ke ba da iri da abinci bashi, shi ke riƙe da littafin lissafi, kaka ta zo a ce har yanzu ana binka. Gonar da Stevens ya nema ce kaɗai za ta hana wannan.

Na sani za ku ce ai sojojin kudu sun ƙona masa masana'antar ƙarfe ta Caledonia a 1863. Sun ƙona, to sai me? Tun 1851 yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa waɗanda aka kama a rikicin garin Christiana na Pennsylvania, inda aka kashe wani ubangida da ya biyo sawun bayinsa da suka gudu. Shekara 12 kafin gobarar ke nan.

Kalmar gurgun nan ma ta fi ƙona mini rai. Da lanƙwasasshiyar ƙafa aka haife shi a Vermont a 1792, uban ya gudu ya bar uwar da 'ya'ya maza 4. Ita ta yi ta wahala har ya yi karatu. Da ya samu, gona ya saya mata, kuma kafin ya mutu a 1868 ya bar wasiyya a riƙa shuka furanni a kabarinta.