Rahoton leƙen asiri ma yana iya zama kuskure

Ana yawan ji a majalisun hira a Bauchi, musamman idan zancen yaƙin Iraƙi ya taso, cewa babbar ƙasa ba ta taɓa kuskuren bayanan sirri: in ta ce ta ga abu, ko dai ta gani, ko kuma ƙarya ta shirya. Masu faɗin haka suna da hujjarsu, ganin tauraron ɗan'adam da kuɗin da ake zubawa. Amma maganar tana damuna, don ta bar hanya ta uku, wadda ta fi yawan faruwa: kuskure.

Sau da yawa ɗanyen bayani daga bakin mutum yake fitowa, mutum kuwa yana iya ƙarya don neman mafaka ko kuɗi. Ƙa'idar aikin ita ce a tabbatar da shi ta wata majiya dabam. Idan shugabanni sun riga sun karkata ga yaƙi, sai a yi sakaci da wannan matakin, "wataƙila" ta manazarci ta koma "tabbas" kafin takarda ta kai teburin shugaba.

Ranar 5 ga Fabrairun 2003 Colin Powell, Sakataren Harkokin Wajen Amurka na lokacin, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Iraƙi na da motocin harhaɗa makamai masu yaɗa cuta. Tushen zancen wani ɗan Iraƙi ne mai neman mafaka a Jamus, wanda hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ba ta zauna da shi ba kafin yaƙin, kuma jami'an Jamus sun nuna shakku a kansa. Aka afka wa Iraƙi a watan Maris. Binciken Amurka na 2004 bai samu tarin makaman ba, a 2011 kuma mutumin ya amsa da bakinsa cewa ƙirƙira ya yi.