Na sayi na'urar direba da guminna, an ce mini wasan yara nake yi

Jiya bayan la'asar aka ci mini mutunci a wani shagon kayan lantarki a nan Sakkwato, kuma har yanzu zuciyata ba ta sauka ba.

Shekara huɗu ke nan ina fama da ɗan injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, da na haɗa da hannuna a Mabera, ina sassaƙa allunan suna da adon ƙofofin katako. Ƙwaƙwalwarsa 'yar kwamfutar Arduino Uno ce da bod ɗin CNC Shield a kanta, manhajar GRBL na tafiyar da ita. Direba shi ne na'urar da ke ba moton injin wuta ya juya. Ƙananan direbobin A4988 da ake dannawa a bod ɗin ƙarfin wutarsu bai wuce am 2 ba, shi ma sai da ƙarfen sanyaya da fanka. A zafin watan Afrilu, da rana ke haura digiri 40, minti ashirin sun isa su ɗauki zafi su yanke, layi ya kauce, katako ya lalace. Da na koma manyan moto NEMA 23 masu cin am 2.8, dole na nemi direba na waje, wanda za a ja masa waya daga bod zuwa PUL da DIR da ENA, wuraren da yake karɓar umarni, a ba shi wutarsa ta bolt 24 daban.

Wata biyu ina tara kuɗi na sayi direba uku. An rubuta TB6600, sunan guntun lantarkin da ya kamata ya kasance a ciki, da am 4 a jikinsu ɓaro-ɓaro. Na saita 'yan makunnan gefe a 2.8, na auna kowace waya da mitar awon wuta sau biyu. Biyu suka yi aiki. Na ukun ko minti goma bai yi ba ya yi wari ya mutu. Da na kwance murfin, guntun da ke ciki ba TB6600 ba ne sam, wani ƙarami ne, kuma ko manne da ƙarfen sanyayan bai yi ba sosai.

Na ɗauka na mayar. Na yi sallama, na gaishe da mai shagon, dattijo ne da ya haife ni. Na ce, "Alhaji, ga kayan da na saya shekaranjiya, ɗaya ya ƙone, kuma abin da ke ciki ba shi aka rubuta a baya ba."

Bai ɗago daga wayarsa ba. Sai da na maimaita.

"Wa ya ce ka buɗe?"

Na ce ai sai da ya mutu na buɗe, don in ga dalili.

"To kai ka kashe shi. Ku yaran ga, kun kalli bidiyo kun zama injiniyoyi. Ka zare wayar moto wuta na ciki, shi ke nan."

Na san zare moto da wuta a jiki na kashe direba, tun shekarar farko na koyi wannan da kuɗina. Na ce ban zare ba, Alhaji, ga guntun nan, a karanta lambarsa. Na miƙa masa. Ya ture hannuna da bayan hannunsa, kamar mai korar ƙuda, ya juya wajen mutanen da ke zaune a benci ya ce, "Ku gani, wanga abin wasan yara na zai tada muna hankali da shi."

Aka yi dariya. Yaron shagon har da tafa hannu.

Wasan yara! Da wannan injin nake biyan haya, da shi nake sayen gero. Ranar da nake ƙirga masa kuɗi, Malam yake ce mini, har da tayin kujera. Da na zo da kuka sai na koma yaro. Mutumin da bai san bambancin PUL da DIR ba, wanda bai taɓa riƙe mita ba, shi ne zai yanke mini hukunci a gaban jama'a, ya nuna mini takardar da ya manna a bango wai kayan lantarki ba a maidowa.

Amma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Wa ya bar jabun kaya suna shigowa ta tashar ruwa, su cika kasuwannin Legas, su hau tirela har Sakkwato, babu wanda ya buɗe ko ɗaya ya duba? Kullum a rediyo ana ce wa matasa su kama sana'a, su daina jiran aikin gwamnati. To mun kama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, duk abin da ke zuwa daga Sin kuɗinsa ya tashi sama. Wuta kuwa sai a ɗauke ana tsakiyar sassaƙa, injin ya manta inda ya tsaya, aikin awa uku ya tafi a banza. In ka tada janareta, mai ya cinye ribar. A gari mai jami'o'i da kwalejin kimiyya da fasaha, ka rasa shago ɗaya da za ka sayi direban DM542 na gaske ka riƙe a hannu ka duba kafin ka biya. Mu kuma jama'a mun zauna a benci muna dariya, alhali gobe cajar wani ce ko injin niƙansa zai ƙone.

Ƙofar wani bawan Allah na nan kwance a kan injin, rabin adonta a sassaƙe, ranar Juma'a na yi masa alkawari. Yau da safe ya kira sau biyu.