Samarin zango, kafin ku sayi littafin taurari

Jiya bayan la'asar a Aboabo, nan Kumasi, wani ƙanina ya miƙo min wayarsa, wai ya sauke littafin Shamsul Ma'arif a cikinta zai fara koyon ilimin taurari. Yaron nan ko Ahalari bai sauke ba fa. Na ce karanta min layi ɗaya, sai sosa ƙeya. Toh shi ya sa nake wannan rubutu, don na san ba shi kaɗai ba ne, kuna da yawa a Asawase da Sabon Zango.

'Yan uwa ilimin nan kashi biyu ne kuma malamai sun raba shi tun da can. Akwai na sanin tafiyar taurari, wanda da shi ake gane alƙibla da lokacin sallah da shigowar damina, wannan halal ne, Alƙur'ani ma ya ambaci manzilolin wata a Yasin. Akwai kuma na cewa tauraro kaza ne zai kawo maka arziki ko mata, wannan shi hadisin Abu Dawud ya haɗa da sihiri. Matsalar ita ce littattafan da suka fi yawa a hannun masu shimfiɗa a bakin masallaci na kashi na biyun ne, su suka fi arha, su suka fi daɗin karantawa.

Ka ɗauki ƙaramin littafin nan da ake jingina wa Abu Ma'ashar, masanin taurari na da, wai ka haɗa adadin haruffan sunanka da na mahaifiyarka ka raba da 12 ka ga burujinka. Ko a lissafin ma akwai rami. Hisabin da iyayenmu suka gada na Magrib ne, harafin sadi adadinsa 60, amma littafin bugun Masar sadi 90 yake ɗauka. Gwada sunan Salihu kawai, nan 99 can 129, in ka raba da 12 ɗaya ya bar 3 ɗaya ya bar 9, burujin Jauza'u ke nan da na Ƙausu. Mutum ɗaya buruji biyu! Kuma a kan wannan wani zai fasa aure.

In da gaske karatu kake so, nemi littafin da zai fara da kai daga ƙirga. Buruji 12, manziloli 28, kowace kwana 13 sai guda ɗaya mai 14, ka tara ka samu 365. Waƙen Muƙni'i na Margiti irin wannan hanya ya bi, gajere ne ana haddace shi, amma sai da sharhi da malami a gefe. Shi Biruni da ya rubuta Tafhim a 1029, tambaya da amsa ya yi shi, kuma sai da ya wuce ta kan awo da lissafi da tsarin sama tukuna ya taɓo hukuncin taurari can ƙarshe. Kai kuma kana so ka fara daga ƙarshen, da data ta sidi biyar.

Wani zai ce ai Muhammadu Alkashinawi namu ne, Bakatsine, ya rubuta Durrul Manzum a kan wannan ilimi. Gaskiya ne, a Alƙahira ya rasu 1741. Amma ba don mai koyo ya rubuta ba, malam.

Ni in na buɗe littafi na ga shafin farko hatimi ne da turare da sunayen rauhanai, ajiyewa nake. In na ga jadawalin fitowar manziloli da watannin ajami, shi nake tayawa. Sannan duk wanda ka saya, ka fita da shi waje. Na tambayi ƙanin nawa ina Surayya take a sama, bai sani ba, alhali kakarmu da ba ta taɓa riƙe littafi ba tana nuna mana ita, kaza da 'ya'yanta take ce mata. Mun yi da shi ranar da aka ɗauke wuta zai zo mu hau bene mu nemo ta, wayar kuma a ƙasa zai barta.