Ƙauyen Glencolmcille bai zauna jiran gwamnati ba

Na karanta wani labari da ke bayanin yadda ƙauyukan yammacin ƙasar Ailan ke ƙara zama kufai saboda matasa suna tafiya birane, amma ina ganin marubucin bai yi wa mutanen karkara adalci ba da ya nuna su kamar waɗanda suka naɗe hannu. Ya kamata ya duba tarihin Glencolmcille, wani ƙaramin ƙauye da ke bakin teku a gundumar Donegal.

Tun bayan babbar yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, ƙaura ta zama jiki a wannan yanki. Da limamin coci James McDyer ya iso a 1951, ya tarar da gari babu wutar lantarki, samari kuma suna ta ficewa zuwa Ingila da Amurka. Ya haɗa kan jama'a suka gina zauren taro da hannunsu, suka yi fafutuka har aka kawo wuta da ruwan famfo, sannan suka kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa na saƙa da sarrafa kayan lambu. A 1967 aka buɗe gidan tarihi mai ƙananan ɗakuna masu rufin ciyawa, inda baƙo ke ganin murhu da gadon kwana irin na kakannin mutanen ƙauyen.

Ba duk sana'o'in ne suka ɗore ba, gaskiya ne. Sai dai har yau ana magana da harshen Ailan na asali a can, kuma tun 1984 cibiyar Oideas Gael ke karɓar ɗalibai daga ƙasashe daban-daban domin koyon sa.