Ƙorafin mai saye ba ɓata suna ba ne

Makon jiya wata ƙanwata ta sayi turmin atamfa a wani shago da ke tallar kayansa a Instagram. Ta tura kuɗi, aka ga alat, ɗan sahu ya kawo mata har gida. Wanki ɗaya atamfar ta zuba. Sai ta koma ƙarƙashin hoton ta rubuta abin da ya faru, ba zagi ba cin mutunci. Kafin la'asar an goge rubutun, an toshe ta, sannan saƙo ya biyo ta ta WhatsApp cewa in ta kuskura ta sake, za ta yi bayani a ofishin 'yan sanda. Shagon nan kuwa bai daɗe da biyan wata 'yar TikTok ta tsaya gaban kantar shagon tana rantsuwa kayansu babu na biyu ba.

Wannan ɗabi'a ce ke neman zama ruwan dare, kuma ita ta sa ni rubutun nan. 'Yan kasuwarmu da kamfanoninmu sun ɗauki kafafen sada zumunta a matsayin dandalin kirari. A yabe su, a danna musu alamar so, a ce Allah ya ƙara kasuwa. Da zarar wani ya ce kayan da matsala, ya zama maƙiyi, ko ɗan hassada, ko wanda aka turo.

Abin mamaki, ba haka muka gada ba. Je ka Kantin Kwari ka ga yadda tsohon ɗan kasuwa ke yi in wata Hajiya ta dawo masa da kaya. Zai ba ta kujera, ya sa yaro ya kawo ruwa, ya ce Hajiya ki yi haƙuri, ya musanya ko ya yi ragi. Yana yi ne domin ya san maƙwabtan shago na kallo, kuma Hajiyar nan tana da 'yan uwa da ƙawaye da gidan biki. Mutum biyar ke kallonsa yake wannan lallashin. Yau mutum dubu ke kallo a waya, amma sai a zaɓi barazana.

Wanda bai ɗauki darasi daga kamfanin Erisco Foods ba, ban san abin da zai koya masa ba. A watan Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na Nagiko da kamfanin ke yi ya cika zaƙi. Kamfanin ya ce kalamanta sun wuce ƙorafi sun shiga ɓata suna. 'Yan sanda suka kama ta, aka kwashe ta zuwa Abuja, kamfanin kuma ya nemi diyyar naira biliyan 5. Me ya biyo baya? Kiraye-kirayen a ƙaurace wa kayan kamfanin, hukumar kare masu saye ta FCCPC ta shigo cikin maganar, labari ya kai har CNN. Mutanen da ba su taɓa jin sunan tumatirin ba suka san shi, amma tare da labarin kamu. Alhali amsa mai layi uku ta isa: ga abin da muke zubawa a ciki, ga lambar rajistarmu ta NAFDAC, mun gode, za mu duba.

Makamin da ake yawan zarowa shi ne sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda kotun ECOWAS ta taɓa cewa ya ci karo da 'yancin faɗin albarkacin baki, aka kuma yi masa gyara a 2024. An gyara takarda, amma hali na nan. Duk mai ɗan kuɗi da lambar wani jami'i a wayarsa gani yake ya mallaki sashen hulɗa da jama'a.

Za a ce ai akwai abokan hamayya da ke biyan kuɗi a ɓata kayan mutum. Akwai, amma wanda aka yi wa ƙarya rasit da hoto sun ishe shi tona ta a bainar jama'a, in abin ya yi tsanani ga kotu nan. Wannan ba hujjar tsoratar da mai turmi ɗaya ba ce.

Su kuma masu kashe dubban ɗaruruwa kan "jakadu" irin 'yar TikTok ɗin nan suna yaudarar kansu ne. Kowa ya san yabon nan na kuɗi ne. Jiya ta yabi sabulu, yau atamfa, gobe maganin ƙiba. Mai son saye wucewa yake ya gangara ƙasa ya karanta abin da masu saye suka ce, ya ga yadda shago ya amsa. A nan ake ciniki. In ya tarar da yabo zalla, babu ƙorafi ko ɗaya, ya san an yi shara. Gogewar ma aikin banza ce, domin kafin ka goge an riga an ɗauki hoton rubutun. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba, sai ga wanda ya san kayan nasa ba su da kyau.

Wani ɓangare na matsalar shi ne wanda ake damƙa wa shafin. Yawanci ƙanin maigida ne ko yaron shago, don kawai ya iya waya. Shi ne mai rubuta "a biyo ni inbos" in ka tambayi farashi, kamar kuɗin atamfa sirrin gwamnati ne. Ba a taɓa gaya masa abin da zai ce in ran mai saye ya ɓaci ba, ba shi da ikon mayar da ko kwabo. Shafin kasuwanci tamkar kantar shago ne, a ɗora mai haƙuri a kai, a ba shi ikon musanya kaya. 'Yan sanda kuma su daina karɓar irin wannan ƙara.

Ƙanwata ba ta sake rubuta komai a Instagram ba, ta ji tsoro. Sai dai ta saka hoton atamfar da saƙon barazanar a zauren WhatsApp na dangi, inda ake shirin fitar da ankon bikin da za a yi bayan Sallah. Turmi 40 ake nema, kuma an riga an ba wani shagon.