Wa ke zaɓa wa mutum rigarsa?

Shekara biyu da suka wuce mahaifiyata ta yi doguwar jinya. Da ta fara samun sauƙi sai muka lura hannunta na dama bai koma yadda yake ba, yatsunta ba sa iya saka maɓalli. Mu 'ya'yanta muka zauna muka yanke shawara, kuma Allah ya sani da kyakkyawar niyya muka yi. Muka sa aka ɗinka mata riguna shida, dukkansu burum-burum, ruwan toka da ruwan ƙasa, waɗanda ba sa nuna datti kuma ba su da wuyar sakawa. Nata kuwa, masu furanni da launin da ta fi shekara hamsin tana so, muka ninke su muka rufe a akwati. Babu wanda ya tambaye ta.

Sati biyu cur, duk wanda ya zo dubiya sai ta ce a ce masa ta kwanta. Ran nan na zauna kusa da ita na ce, "Mama, me ya sa ba kya son ganin mutane?" Ta kama hannun rigar da ke jikinta ta ɗaga, ta ce, "Ɗan nan, wannan ta wace ce? Ni ban san matar da ke saka irin wannan ba."

Tun daga ranar nake juya maganar tufafi da shekaru a raina. An saba cewa shigar mutum tana canzawa ne saboda ra'ayinsa ya canza: yaro yana son kyalkyali, saurayi yana bin yayi, magidanci yana neman kamala, tsoho yana neman abin da ba zai takura shi ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni abin da na gani shi ne, abin da ya fi canzawa a tsawon rayuwa shi ne wanda ke riƙe da ikon zaɓen. Kuma muna yawan ƙwace wannan iko daga hannun mutum daidai lokacin da ya fi cancantarsa.

Jariri ba shi da ta cewa, abin da aka saka masa ra'ayin manya ne, kuma ra'ayin manya ba ya zama wuri ɗaya. A Turai da Amurka an yi ɗaruruwan shekaru ana saka wa yara maza doguwar riga irin ta 'yan mata, sai sun yi wayo a ba su wandonsu na farko. Akwai hoton Franklin Roosevelt na 1884, yana ɗan shekara biyu da 'yan watanni, da farar doguwar riga da gashi har kafaɗa, ga shi daga baya ya zama shugaban Amurka. Rabon launi da yanzu ya cika duniya, ruwan hoda ga mace shuɗi ga namiji, bai kafu a can ba sai wajen shekarun 1940. Abin da iyaye ke ɗauka ƙa'ida ce tun fil azal, sau da yawa bai girmi kakanninsu ba.

Rigimar farko tana zuwa wajen shekara biyu zuwa uku, ranar da yaro ya ce "ni zan saka da kaina", ya juya takalmin dama zuwa hagu, ya ƙi yarda a gyara masa. Uwar da ke sauri tana ganin taurin kai ne. Ni kuwa ina ganin ranar ce mutum ya fara cewa jikin nan nawa ne. Rumawan zamanin da sun gane nauyin wannan abu har suka mayar da shi biki: yaro yana yafa mayafi mai jan baki, in ya kai wajen shekara 14 zuwa 16 sai ya ajiye shi ya ɗauki fari sol na manya, daga ranar ana lissafa shi cikin maza.

Sai dai ikon da saurayi ya ƙwato daga iyayensa ba ya daɗewa a hannunsa, tsararsa yake miƙa wa. Dubi duk wani taron matasa, kowa ya fito don ya bambanta, amma in ka hango su daga nesa kamar tela ɗaya ne ya yi musu ɗinki. Masanin halayyar ɗan Adam David Elkind ya bayyana dalilin tun 1967: matashi yana yawo ne da taron 'yan kallo a cikin kansa, yana jin kowane ido a kansa yake. A 2000 Thomas Gilovich da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun sa ɗalibai su saka riga mai hoton wani mawaƙi da matasan lokacin ke jin kunyar a gan su da shi, su shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun zaci kusan rabin mutanen ɗakin sun lura da hoton. Waɗanda suka lura ba su wuce ɗaya cikin huɗu ba.

Shi ya sa ba na goyon bayan manyan da ke yi wa shigar matasa dariya, su ce ƙuruciya dangin hauka su wuce. Yarinyar da ta canza kaya sau huɗu kafin ta fita ba wauta ke damun ta ba, tana gwada wace ce ita, kuma kaya su ne abin gwajin da ya fi kusa da hannunta. Iyaka tana nan, ta addini da ta tarbiyyar kowane gida, kuma haƙƙin iyaye ne su tsaya a kanta. Amma a cikin iyakar akwai fili mai faɗi, kuma wanda ba a bari ya yi kuskuren launi yana ɗan shekara 17 ba, zai kai 40 bai san abin da ke yi masa kyau ba. Abin da ya fi damuna game da matasan yau wani abu ne dabam. 'Yan kallon da Elkind ya ce na cikin kai ne, yanzu sun zama na gaske, suna cikin waya, suna ƙirga sau nawa aka gan ka da riga ɗaya. Kamfanonin tufafi kuwa sun gane wannan rauni sarai. Rahoton Gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna yawan tufafin da ake ƙerawa a duniya ya ninka tsakanin 2000 da 2015, yayin da yawan lokutan da ake saka kowace riga kafin a yar da ita ya ragu da kashi 36 cikin ɗari. Matashin da ke ganin shi ya zaɓa, sau da yawa an riga an zaɓa masa a wani ofishi mai nisa, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Daga nan sai aiki da aure da 'ya'ya su karɓi ragamar. Wurin aiki yana da tasa ƙa'idar, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Kuɗin da za a sayi sabuwar riga sai ya tafi ga takalmin yaron da ƙafarsa ta ƙara tsawo. Mace ta haihu, jikinta ya sauya, ta ajiye kayan da take so da niyyar za ta koma musu, shekara goma ta wuce suna nan a ninke. A wannan zango mutane da yawa suna komawa shiga iri ɗaya kullum, kuma daga waje ba za ka iya bambance mutum biyu ba: wanda ya taƙaita shigarsa da gangan, da wanda ya sallama. Barack Obama ya gaya wa wani ɗan jarida a 2012 cewa kwat ruwan toka ko shuɗiya kawai yake sakawa, don ya rage yawan shawarwarin da zai yanke a rana. Wannan zaɓi ne. Wadda ta daina duba madubi don ta yanke wa kanta hukuncin lokacinta ya wuce, nata ba zaɓi ba ne, asara ce, kuma mutanen gidanta ne ya kamata su fara lura.

Masu cewa salon mutum yana daskarewa in ya manyanta su dubi mutum biyu. Mahatma Gandhi na Indiya ya je Landan karatun lauya a 1888, ya yi ta ƙoƙarin shiga irin ta Turawan Ingila. Sai a 1921, a garin Madurai, ya haura shekara 50, ya tuɓe ya koma ɗaura ɗan gajeren zane irin na talakawan Indiya, kuma da shi ya shiga Buckingham, fadar Sarkin Ingila, a 1931. Nelson Mandela kuwa an san shi da tsadaddun kwat lokacin yana matashin lauya. Da aka kai shi kurkukun tsibirin Robben a 1964, gajeren wando aka ba shi da sauran baƙaƙen fursunoni, alhali ɗan Indiyan da ke cikinsu an ba shi dogo. Manufar a fili take: a tuna wa magidancin da ya haura 40 cewa a idon hukuma yaro ne. Ya yi ta yaƙi da wandon nan har aka canza. Da ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994, yana da shekara 75, sai duniya ta san shi da riguna masu zane da launi iri-iri, a wuraren da sauran shugabanni duk baƙar kwat suke sanye da ita. Wanda aka taɓa wulaƙanta shi da tufa ya fi kowa sanin darajar zaɓa wa kai.

Labarin wandon nan shi ke dawo mini in na tuna akwatin mahaifiyata. Mu ba mugunta muka yi ba, amma sakamakon ya yi kama: mun mayar da babba yaro.

Ban ce jiki ba ya canzawa ba. Tsayi yana raguwa, kafaɗa tana ranƙwafawa, fata tana yin laushi har yadi mai kaushi ya dame ta, sanyi yana saurin kama mutum, amosanin gaɓɓai yana mayar da ƙaramin maɓalli abokin gaba. Dole tufa ta bi waɗannan. Amma me ya haɗa ciwon yatsa da ruwan toka? Julia Twigg, masaniyar zamantakewa a Jami'ar Kent ta Ingila, ta yi shekaru tana nazarin tufafin mata masu shekaru, ta nuna yadda ake tura su zuwa launuka marasa haske da ɗinkin da ba ya jan ido, kamar ana ce musu su ja gefe su ba da wuri. Wannan ba umarnin jiki ba ne, namu ne.

Za a ce mini ai girma ya kama mutum, kuma dattijo da shigar samari abin kunya ne. Na yarda cewa wanda ke ɓoye furfurarsa a bayan kayan jikokinsa yana gudun wani abu ne da ba a tsere masa. Sai dai kamala daban, dushewa daban. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta rasu a 2022 tana da shekara 96, kuma har ƙarshe da kore shar da ruwan ɗorawa da ja take fita, don wanda ke can ƙarshen taro ya hango ta. Ban taɓa jin wanda ya ce ta zubar da girmanta ba. Kalmar "bai dace da shekarunki ba" tana da wurinta, amma mun fi amfani da ita don sauƙin kanmu, kuma mata muka fi jifa da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko ya wuce. Duk da haka masu zana tufafi jikin 'yan shekara 20 suke aunawa. Dabarun kuwa suna nan: maɓallin maganaɗisu da ke haɗuwa da kansa, zif mai babban mariƙi, rigar da ke buɗewa ta gaba, takalmin da ake zura ƙafa ba sai an sunkuya ba. Babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar a kashe launi ko a ɓata ɗinki. Duk telan da ya san aikinsa zai iya, in an gaya masa.

Abin da ya fi taɓa ni a aikin Twigg shi ne binciken da ta yi da Christina Buse a kan masu cutar mantuwa. Sun ga mata a gidajen kula da tsofaffi waɗanda abubuwa da yawa sun ɓace musu, amma ba sa rabuwa da jakar hannunsu. A ciki akwai 'yan tarkacen da ke tuna musu ko su wane ne, kuma jakar ita ce ɗan wurin da ya rage nasu su kaɗai a gidan da komai na kowa ne. Idan mai wannan hali tana riƙe da jakarta haka, ina ga wadda hankalinta ke nan garau, hannu kawai ya gaza?

Washegarin maganar da muka yi da Mama na sauko da akwatin na buɗe a gabanta. Ta daɗe tana shafa kayan ɗaya bayan ɗaya, tana gaya mini inda ta je da kowace. Ta ware huɗu. Na kai wa tela ya cire maɓallan, ya buɗe gaban, ya sa abin mannewa a ciki ta yadda ba a gani daga waje. Ranar da aka dawo da su ta zaɓi shuɗiya mai fararen furanni, ta ɗauki kusan minti goma tana sakawa da hannu ɗaya, ƙanwata ta miƙa hannu za ta taimaka ta ce mata a'a. Da ta gama ta ce a miƙo mata madubi, sannan ta ce a buɗe ƙofa, in akwai baƙi su shigo.