Zanen da ministan Poland ya hana shiga zauren Venice

A ƙarshen Disambar 2023, gwamnatin Firayim Minista Donald Tusk ko wata guda ba ta cika ba, sabon ministan al'adu na Poland, Bartłomiej Sienkiewicz, ya soke zaɓen mai zane Ignacy Czwartos, wanda aka riga aka tsayar domin ya wakilci ƙasar a zauren Poland na babban baje kolin fasaha na Venice a Italiya cikin 2024. Aka ba da gurbinsa ga Open Group, ƙungiyar masu fasaha 'yan Yukren.

Ni dai zanen Czwartos bai kwanta mini a rai ba. A wani hotonsa ya tsayar da Angela Merkel da Vladimir Putin, ya sa tambarin 'yan Nazi a tsakaninsu. Karatun jam'iyyar PiS ke nan, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023: kullum Poland ce ake zalunta tsakanin Jamus da Rasha. Duk da haka ina ganin ministan ya yi kuskure, kuma abin ya dame ni.

Ai Poland ce ta nuna wa duniya abin da tawada ke iya yi wa mai mulki. A Agustan 1980, lokacin yajin aikin ma'aikatan ƙera jiragen ruwa a birnin Gdańsk, Jerzy Janiszewski ya zana sunan ƙungiyar ƙwadago ta Solidarność da jan fenti. Haruffan sun jingina da juna kafaɗa da kafaɗa kamar masu zanga-zanga, ɗaya na ɗauke da tutar ƙasa. Da Janar Jaruzelski, shugaban gwamnatin kwaminis ta lokacin, ya ƙaƙaba dokar soja ranar 13 ga Disamba 1981, masu zane da yawa suka ƙaurace wa zaurukan gwamnati, suka koma rataya ayyukansu a coci-coci da ɗakunan gidajensu. Wasu kuwa a ɓoye suke buga fosta, har da 'yan ƙananan kan sarki na ƙungiyar, ana miƙa su hannu da hannu, alhali wanda aka kama yana iya kwana a kurkuku.

Masu goyon bayan ministan na cewa zauren na ƙasa ne, da kuɗin talakawa ake gudanar da shi, kuma an zaɓi Czwartos ne dab da faɗuwar PiS. Gaskiya ne. Ita PiS ɗin ma ta naɗa nata mutanen a kan manyan gidajen fasaha na Warsaw, irin su Zachęta da Ujazdowski. To amma ba wannan ne abin da 'yan adawa suka shekara takwas suna kuka a kai ba? In kwamitin zaɓen ne ya lalace, sai a gyara shi domin gaba. Yanzu duk ministan da ya zo ya samu hujjar cire zanen da bai yi masa ba, ko da PiS ce ta dawo.

Czwartos bai fasa zuwa Venice ba. Ya rataya hotunansa a wani gini kusa da filin baje kolin, da taken da ke cewa ga Poland ba tare da tacewa ba.